Bappa ya tafi kafin Makiyayan Sama su iso gida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina gidan mahaifiyata a Alkalawa labarin ya same ni. Yini na je, zafin Jimeta ya hana kowa motsi, ina kwance a tabarma bayan la'asar ina karanta wani littafi a waya. Sai kiran maigidana ya shigo ya rufe shafin. Bai yi doguwar gaisuwar da ya saba ba. Ya ce in nemi keken haya in dawo gida unguwar Bako a Yola, Allah ya yi wa Bappa rasuwa. Na tambaye shi wane Bappa, alhali Bappa ɗaya gare mu, kuma na san kwanakinsa a kwance. Na ajiye wayar na jawo mayafi.

A hanyar Yola bakina yana salati, hawaye yana jiƙa mayafina, amma a ƙarƙashin salatin akwai wata tambaya da ta ƙi kwanciya. Akwai saƙon da na bayar a kai masa kafin ciwon ya kwantar da shi, kuma ban san ko ya isa ba. Ba saƙon gado ba ne, ba na amana ba. Wani zai ce maganar banza ce, domin a kan wani tsohon shirin talabijin ne. Amma wanda ya san Bappa ya san rabin rayuwarsa ya yi yana jiran wannan labarin.

Bappa mahaifin mijina ne. Ba zan rubuta sunansa ba. Bakina bai taɓa faɗarsa ba yana raye, hannuna ba zai fara ba yau. Mutanen Bako sun san shi: dogon malamin makarantar nan da ya yi shekarunsa yana koyarwa a Mubi, mai farar hula da ba ta zama daidai a kansa. Idan baƙo ya cire takalmi a ƙofar zaure, Bappa ne zai tashi ya janye takalmin zuwa inuwa, don kada mai shi ya fito ya sa ƙafa a wuta. Idan an kawo kifin Binuwai, tsakiya ta yara ce, shi ya ɗauki kai ya ce ya fi daɗi. Ban taɓa ganin ya katse mai magana ba, ko da maganar ta yi tsawo har shayi ya huce.

Na fara saninsa a shekarar da aka watse daga Mubi da garuruwan kewaye. Ina yarinya a lokacin, ban gama ƙaramar sakandare ba. Ni da mahaifiyata muka iso Yola, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan motar yashi, aka nuna mana gidan wani malami da ba ya mayar da kowa. Shi ma gudowa ya yi, ya riga mu da 'yan kwanaki, ya buɗe tsohon gidan iyayensa. Abin da ya fito da shi daga Mubi shi ne matarsa, wadda muke kira Dada, da jakar tufafi, da buhu guda na kaset ɗin bidiyo. Dada ba ta taɓa yafe masa wannan buhun ba. Duk baƙuwar da ta zo sai ta ji cewa mutane suna ɗaukar takardun gida da kwanukan aure, shi kuwa malam aljanunsa ya goyo.

Gidan ya cika har ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ba wanda yake iya zama wuri ɗaya. Ƙofa ta buga, yara sun watse. Manya suna yawo da waya a hannu suna neman inda za su sami layi, suna kiran lambobin da ba sa shiga. A cikin wannan hali Bappa ya ari janareto, ya fito da akwatin talabijin baranda, ya ce kowa ya matso.

Shirin tsoho ne, na Turawa, tun Bappa yana saurayi gidan talabijin yake nuna shi, daga baya da aka maimaita ya riƙa ɗauka a kaset mako-mako. Labarin wasu mutane ne a cikin wani ƙaton jirgi da ya ɓace tsakanin taurari, suna sauka wannan duniya su tashi zuwa waccan suna neman hanyar gida. Sunansa na Turanci ba wanda ya riƙe. Bappa ya ce waɗannan ai makiyaya ne, sai dai a sama suke kiwonsu, shi ke nan sunan ya bi su: Makiyayan Sama. Shugaban jirgin ya zama Ardo. Likitar jirgin ta zama Goggo. Akwai wani mutum-mutumi da ba ya iya ƙarya, yana faɗar gaskiya a inda ba a nema ba, shi ne Malam Ƙarfe. Bappa yakan tsaya gefen akwatin da sandar allo a hannu, ya fassara da Hausa, ya juya ya maimaita da Fulatanci, ga waɗanda ba sa jin ko ɗaya kuma ya yi da hannu da fuska. Idan aka ji wata ƙara daga titi mutane suka fara miƙewa, sai ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba: "Ku zauna. Ardo bai ce a tashi ba."

A gabansa nake zama, har ƙafata tana taɓa tabarmarsa.

Kaset na ƙarshe ya tsaya ne a inda jirgin ya iso bakin wasu hanyoyi biyu, man da ya rage na tafiya ɗaya ne, Ardo ya ɗora hannu a kan sitiyari. Bappa ya ce a nunin farko, da mako ya zagayo ya yi wanka ya zauna, sai aka sa shirin takin zamani, kuma daga ranar ba a sake nuna su ba, ba wanda ya ba da haƙuri. Da aka maimaita shirin bayan shekaru, a nan ɗin dai aka sake tsayawa. Na tuna wani bawan Allah daga cikinmu, wanda ya rabu da iyalinsa a hanya bai san inda suke ba, ya tambaye shi ko mutanen nan sun isa gida. Da Bappa ya ce sun isa, ba mai ƙaryata shi. Amma ya ce: "Ban sani ba, ɗan'uwa. Iyakar inda na gani, ba su daina tafiya ba." Mutumin ya gyaɗa kai, kuma washegari shi ya fara shimfiɗa tabarma.

Da ƙura ta lafa mutane suka koma, mu kuwa muka zauna a Jimeta. Shekaru suka wuce, babban ɗan Bappa ya nemi aurena, na amsa da farin ciki. Abin da ban lissafa ba shi ne abin da auren zai ɗauke mini. Yarinyar da ta zo gudun hijira tana iya zama gaban malam ta yi masa tambaya. Matar ɗansa ba ta iyawa. A gidanmu suruka ba ta zama ɗaki ɗaya da surukinta, ba ta haɗa ido da shi, ba ta fara masa magana sai gaisuwa, a durƙushe, daga bakin ƙofa. Ba wanda ya tilasta mini. Haka na tashi na gani, haka Dada ta yi wa nata surukin, kuma ni ma da an ce in shiga, ƙafata ba za ta ɗauke ni ba.

A makon farko ina shara na ji kiɗan buɗe shirin daga falonsa. Na jingine tsintsiya na nufi ƙofa, sai na tuna ko ni wace ce yanzu. Na zauna a waje, gefen labule. Can sai na ji muryarsa ta tashi yana fassara, yadda yake yi a baranda da can. Na leƙa ta ƙasan labulen, takalminsa kaɗai ne a ƙofar. Ba kowa a ɗakin sai shi. Mutumin da ya haddace kowace kalma ta shirin nan yana fassara wa kujeru.

Haka muka zauna shekarun aurena. Shi a ciki, ni a waje, Dada a bakin ƙofa da farantin gyaɗa tana ɓara, jiki rabi a ciki rabi a waje. Duk abin da zai wuce tsakaninmu sai ya bi ta kanta, ko da kowa yana jin kowa. In raɗa mata tambaya, ita kuma ta ɗaga murya da irin Hausarta.

"Malam, wai 'yarka ya ce me ya sa ƙarfen nan ba ya cin abinci."

"Ki ce mata azumi yake."

"To ka ji, kin ji. Ni kun mai da ni waya, ba ku sa mini kati ba."

Takan rage saƙo idan ya yi mata tsawo, takan ƙara nata idan ta ga dama. Ardo a wurinta tsohon banza ne da ya kasa tambayar hanya. Ranar da na ƙone miya saboda wani littafi ya riƙe ni, ta kai ƙarata har ɗaki, ta ce yarinyar nan jikinta ne kawai a gidan, hankalinta yana wurin mutanen takarda. Na ji amsarsa daga madafa. Ya ce a bar ta, miya ta ƙone an sha da haƙuri, wanda ba ya son jin labarin kowa shi ne abin tsoro a gida. Da damina ta wuce yakan fito da kaset ɗin ya jera su a tabarma kamar mai shanya masara, ya goge musu fumfuna ɗaya bayan ɗaya. Hoton yana ta dusashewa, wani wurin sai ruwan toka kawai da murya. Idan ya ƙare a bakin hanyoyi biyun nan, yakan kashe akwatin ya ce wa bango: "Labari ba ya ƙarewa haka. Mu ne aka katse."

Ni ce na ga sanarwar. A zauren masu karatun littattafai da nake ciki a waya wata ta turo hoto tana dariyar irin kayan da mutanen da can suke sawa a fim. Na duba, sai ga fuskar Ardo, tas, kamar jiya aka ɗauke ta. Na bi rubutun a hankali har na gane. Za a sake fitar da shirin a faifai don kallon gida, an wanke hotonsa, kashi-kashi za a riƙa sakinsa, kuma a cikin kashi na ƙarshe akwai sassan da ba a taɓa nuna mana ba. Na farko bayan Babbar Sallah, sauran su biyo baya. Na karanta na sake karantawa, na tashi na zauna, na fita tsakar gida ban san abin da na fita yi ba. Washegari na fake da cefane na shiga kasuwar Jimeta wurin wani mai sayar da faifai, na nuna masa. Ya duba ya ce, "Madam, e never land," wato bai iso ba tukuna, amma idan ya fito yaransa na Legas za su samo.

Da na dawo na tarar da Dada tana dama kunun gyaɗa. Na tsuguna na faɗa mata komai, na roƙe ta ta gaya wa Bappa an gano ƙarshen Makiyayan Sama, yana nan tafe. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, na ji," da irin muryar da take amsa mai tallan da ba za ta saya ba.

A makon nan ƙirjinsa ya tashi. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi, aka sake mayarwa. Aka lulluɓe akwatin talabijin da zane. Na kasa kunne ko zan ji wata alama, wata dariya, wata kalma da aka jefo wa bango, ban ji komai ba sai tari. Dada ta rame, tana tsakanin tukunya da gadon majinyaci, kuma wace mai hankali ce za ta tsayar da ita da zancen fim? Na roƙi maigidana ya yi masa maganar. Amma shi ɗan fari ne, tsakaninsa da mahaifinsa akwai tasu kunyar, Bappa ko sunansa ba ya kira, hirarsu ba ta wuce rufin ɗaki da gonar bakin kogi. Ya ce in bari ya warke. Sau ɗaya na kai abinci na durƙusa a ƙofa na gaishe shi. Ya ce Allah ya yi albarka. Na ɗan jira ko zai ƙara wani abu. Tari ya kama shi, Dada ta miƙa masa ruwa, na ja labule na fito. Muryarsa ta ƙarshe ke nan a kunnena.

Kwanakin zaman makoki ban san inda zan sa kaina ba. In shiga madafa in fito, in ɗauki buta in ajiye, in buɗe littafi in ga baƙaƙe kawai. Mutane suna ta zuwa. Tsoffin ɗalibansa, wasu da furfura, suna ba da labarin yadda yake raka yaron da ya fi kowa tsoro har ƙofar gida idan hadari ya haɗo. Wasu daga cikin waɗanda suka kwana a ƙarƙashin mangwaron nan sun yi doguwar tafiya don su yi gaisuwa. Wata mata da muka raba tabarma da ita a wancan lokaci ta riƙe hannuna, ta waiwaya ko ana ji, ta raɗa mini ko malam ya taɓa samun labarin Ardo. Amsar tana ɗaki ɗaya da mu, a lulluɓe cikin mayafin takaba, tana jan carbi, ba ta kallon kowa.

Sai bayan addu'ar bakwai, da gida ya ragu, na kai wa Dada kunu da hantsi. Na ajiye, na gyara murfin, na ɗauke wani kwano da ba ya bukatar ɗaukewa. Ita ta fara magana. Ta ce tun ranar rasuwa nake zagaye ta kamar kazar da ta rasa wurin yin ƙwai, in zauna in huta, ta san abin da nake so.

Ta ce ta faɗa masa. A ranar ta faɗa masa, yana alwalar magariba. Ya tsaya da ruwa a hannu har ya zube. Ya sa ta maimaita, ya tambayi yaushe, ta ce bayan Sallah. Ya yi dariya har sai da ya dafa bango, ya ce Allah ya kai mu. Ta ce daren nan tuwo malmala biyu ya ci, kuma rabonsa da haka an jima.

Na sa fuskata a cinya. Ta bar ni na yi kuka mai isata, sannan ta ce akwai saura, ya ba da amsa a kawo mini, ita ce ta riƙe. Ya ce kunnensa ya yi nauyi, Turancin da bai haddace ba ba zai iya bin sa da gudu ba. Saboda haka idan sabon ya iso, ni zan shiga falo in zauna a kujerarsa in fassara, shi kuma a shimfiɗa masa tabarma a waje.

"Na ce masa wannan saƙon rashin kunya ba da bakina ba," in ji Dada. "Suruki a ƙasa, suruka a kujera? Na ce bari ya warke, hankalinsa ya dawo, ya janye da kansa."

Ta juya ludayi a cikin kunun. Ta tambaye ni kashi na ƙarshen nan yaushe ne. Na ce sai an kwana biyu bayan na farko, ba su faɗi rana ba. Ta ce to, lokacin ta fita takaba.

"Ki sa a kawo. Ke za ki yi yadda ya ce. Shekara da shekaru ina ɓarar gyaɗa a ƙofar nan, ki ce ban san hanyar da ya kamata tsohon nan Ardo ya bi ba? Ta hagu ce. Na sha faɗa wa malam."

Har yanzu faifan bai fito ba. Kullum sai na duba waya, kuma ban san ko zan iya ba. Ba ni da sandar allo, ba ni da muryarsa, ban san sunan da zai raɗa wa sabbin mutanen da za su shigo ba. Kujerar ma idan na wuce ta sai na kawar da kai. Amma saƙona ya isa, ya yi dariya, ya ba ni aiki. Ya tafi yana sane da cewa ƙarshen yana hanya.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka. Ka san gidan da ya buɗe wa waɗanda ba su da wurin kwana, Ka san tsoron da ya kwantar a zukatan yara da manya, Ka san bai yi wa mai baƙin ciki ƙarya ba ko don ya faranta masa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka sa Aljannar Firdausi ce masaukinsa. Ka ba Dada haƙuri da lafiya da tsawon kwana, Ka fitar da ita takaba cikin aminci. Ka ƙarfafi maigidana da ƙannensa a kan nauyin da ya sauko musu. Waɗanda suka bar gidajensu har yau ba su koma ba, da waɗanda ake nema ba a gani ba, Ka nuna musu hanya. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Allah ya jiƙan Bappa. Amin.